Masarar da Ya'u Ya Goyo Daga Gwatamala

Duk wanda ya san kasuwar Dutsin-Ma ya san rumfar Ya'u Jirgi, ko da bai taɓa awo a wurinsa ba, domin muryarsa takan riga mudunsa isa ga mutane. Gajere ne mai faɗin ƙirji, furfurarsa a gira ta fara kafin ta hau kai. Idan ka gaishe shi sai ya amsa kamar ka taka masa shuka. Amma mudunsa cikakke ne har da gyara, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa hannu ba, faɗan nasa duk a baka yake ƙarewa. Abu ɗaya ake gargaɗin baƙo a kai. A gefen rumfar akwai wata tasa da yake zuba masara mai ɗigon baƙi. In kana so ka saya, ka kama hanya, kada ka tambayi sunanta.

Ya'u ɗan Ɗantutture ne, ta ƙasar Kurfi. A shekarar farin nan ta 1973 gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Gidansu suka cinye abin da ke rumbu, suka sayar da awaki, daga ƙarshe aka sauko da zangarniyar iri da marigayi mahaifinsa Malam Ɗanjuma ya saba ratayewa a rufin ɗaki, aka daka, aka dama kunu. Ya'u ya sha kunun nan yana zagin kansa. Ya bar mahaifiyarsa a hannun yayarsa Yahanasu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ya ce zai je cirani, zai dawo da irin shuka kafin ruwa ya sauka. Damina biyar ta wuce ba a gan shi ba.

Cirani ya kai shi Legas, yana dako a bakin ruwa lokacin da jiragen siminti suka yi cincirindo. A nan ya haɗu da Gidiyon, wani bakanike mutumin Zonkwa, dogo mai yawan dariya, wanda yanzu yake gyaran injinan ban ruwa a dam ɗin Zobe. Rabin labarin nan daga bakinsa na ji, domin in Ya'u ne ke bayarwa, zagi ke cinye rabi. Gidiyon ya samu aiki a ɗakin injin wani jirgin dakon kaya, ya roƙa wa Ya'u firar dankali a kicin. Suka yi ta yawo a kan teku har ranar da mai jirgin ya karye, aka tsare jirgin a wata tasha ta ƙasar Gwatamala, can tsakiyar Amurka, aka ce kowa ya san inda ya nufa.

Wani tsohon matuƙi ya ce musu jiragen duniya duka ta Fanama suke bi, in suka kai can ba za su rasa mai zuwa Afirka ba.

"Fanamar tana da nisa?" in ji Ya'u.

"Ƙasa huɗu ce kawai a tsakani," in ji Gidiyon.

"Kawai. Ka ji mutum. Allah ya isa tsakanina da ranar da na amsa gaisuwarka."

Suka sayi tsoffin jakunkunan goyo irin na soja, suka shiga ƙasa neman aikin da zai kai su kudu. A hanyar ne Ya'u ya fara ganin mutanen da har yau bai yafe wa ba: samari da 'yan matan Turawa masu dogon gashi, kowa da jaka a baya, suna yawo gari gari. Akwai gidajen sauka da aka yi dominsu, ɗaki ɗaya gado bisa gado, wani wurin ma ba gado sai raga da ake ɗaurewa tsakanin ginshiƙai, mutum ya kwanta yana lilo kamar naman da aka rataye. Nan su Ya'u suke sauka, Gidiyon yana gyaran famfo da janareta, shi yana wanke tukwane.

Ya sa Gidiyon ya tambayi wani mai jan gemu ko fari aka yi a garinsu. Ya ce a'a. Yaƙi? A'a. To ubansa ne ya kore shi? Bature ya yi dariya ya ce uban nasa gonar alkama gare shi wadda sai da mota ake zagayawa, shi dai ya fito ganin duniya ne.

"Hwaɗa mashi," in ji Ya'u, "da ni ne ubanshi da ya ga duniya a tsakar gida."

Gidiyon ya juya ya ce wa Baturen abokinsa yana sa masa albarka.

Turawan nan ne suka ja su zuwa wani tabki mai suna Atitlan, inda aka ce akwai kwale-kwale masu inji da ke neman bakanike. Gidiyon yakan ce bai taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba, ruwa shuɗi kamar an zuba baban rini, duwatsu masu tsini sun kewaye shi. Ya'u kuwa cewa yake ruwa ne mai yawa a inda ba a bukatarsa, mu kuma can gero na mutuwa. Abinci wake ne baƙi da wata waina marar mai, safe da rana da yamma. Nama kuwa bai taɓa ba, tunda bai san wa ya yanka ba.

A can masassara ta kayar da shi. Mai gidan saukar ya ce ba ya son gawa a gadonsa, sai wata tsohuwa mai kawo musu waina ta sa aka ɗauke shi zuwa bukkarta a gefen dutse. Bai iya sunanta ba, ya laƙaba mata Inna. Ba ta jin nasa, ba ya jin nata. Kunu mai kauri take dama masa da wata masara baƙa wuluk, ta ɗaga kansa ta ba shi, in ya kawar da baki ta yi masa faɗa da yarenta, shi ma ya rama da Hausa, har ya warke. Ranar da ya fara iya zama ya ɗaga ido, sai ya ga masarar iri a rataye a rufin bukka, hayaƙi na dukanta, ɗaurin nan sak irin na mahaifinsa. Gidiyon ya ce ya same shi yana share ido. Ya'u ya ce hayaƙi ne, kuma duk wanda ya ce ba hayaƙi ba ne ya zo ya faɗa a gabansa.

Ya zauna ya taya ta aikin gona har aka yi girbi. Da za su tafi, tsohuwar ta sauko da masara mafi kyau daga rufin, ta ɓare ta a cikin wata jakar saƙi, ta ɗaure. Ta nuna ƙasa, ta nuna sama, ta dangwara masa yatsa a ƙirji. Ya ce mata da Hausa, "In sha Allahu a gonar babana zan shuka ta." Ta gyaɗa kai kamar ta ji.

Daga ranar nan tafiyar ta tashi daga ta mutum biyu ta zama ta uku, kuma na ukun ya fi su daraja. A ƙasar Salbado sun yi dakon buhunan kofi, a Handuras sun yi saran rake. Motocin ƙasashen nan tsoffin bas ne da aka yi wa fenti kamar kwanon amarya, mutane da kaji da aladu duk a ciki, kaya a sama. Ya'u bai taɓa yarda jakarsa ta hau sama ba. Yakan rungume ta a cinya, in yaron mota ya matsa ya buɗe masa wuta da Katsinanci har ya ƙyale shi. A wata iyaka soja ya soka bakin bindiga a cikin jakar, ya ga masara ce, ya kira abokansa suka yi ta dariya: ga baƙin mutum ya ɗauko masara zai wuce da ita ƙasar masara.

A wani gari na Nikaragwa mai manyan majami'u, gidan saukarsu yana da kicin na kowa da kowa, kuma dokar wurin ita ce abin da aka bari a kan kanta na wanda ya samu ne. Ya'u ya ajiye jakar saƙin ya fita alwala. Da ya dawo ya tarar da wata Baturiya ta ɗora tukunya tana kwance ɗaurin. Gidiyon ya ce ihun da ya yi sai da tattabarun majami'a suka tashi. Aka sallame su daga gidan kafin la'asar.

"Malam Ya'u, tafi ɗaya za ta ɗiba," in ji Gidiyon suna tafe da kaya a baya. "Ni ma da yunwa nake."

"Ka ci takalminka. Iri ne. Na ci iri sau ɗaya, ka ga inda ya kawo ni."

Gidiyon bai sake roƙo ba.

Sun ƙetare tabkin ƙasar da wani jirgin katako, tabki mai faɗi kamar teku, aka ce har da kifi mai cin mutum a ciki. Iska ta taso, ruwa na shigowa. Ya'u ya ɗora jakar a ka ya riƙe da hannu biyu, yana amai yana salati yana zagin Gidiyon, duk a numfashi ɗaya. Da suka sauka ya shanya masarar a rufin kwanon masauki, ya zauna kusa da ita da sanda yini guda yana korar tsuntsaye, Turawa na ɗaukarsa hoto. Suka bi ta Kosta Rika, ƙafa da mota, takalminsa ya rabu biyu ya ɗaure da waya. A Fanama suka daɗe suna zaryar bakin ruwa kafin wani jirgi mai zuwa Abijan ya ɗauke su aikin kankare tsatsa.

Bayan girbin 1978 Ya'u ya sauka a Kurfi daga bayan wata akori-kura, ya taka zuwa Ɗantutture. A bakin ƙauye aka gaya masa mahaifiyarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ya ajiye jaka a ɗakin Yahanasu, ya tafi maƙabarta. Daga can aka ja shi gaida mai gari, sannan gida gida gaisuwar waɗanda suka rasu ba ya nan, kuma suna da yawa.

Shi yana can, mata sun cika gidan da barka da arziki. Ɗan gida ya dawo daga bayan teku, kuma ba a shiga gidan matafiyi a fito hannu wofi. Yahanasu ta jira shi har ta gaji, ta buɗe jakar neman tsaraba. Ta samu bargo mai wari, riga biyu, wani cokali, da jakar saƙi cike da baƙar masara. Ba turmin atamfa, ba sabulu, ko alawar yara babu. Ta dubi mata a tsakar gida suna jira. Ta hura wuta, ta soya masarar da gyaɗa da ɗan gishiri, ta raba a faifai, tana cewa wannan ita ce cimar sarakunan can. Mata suka ci suka yaba. Luba matar maƙwabcinsu Maniru har ta ce ta ji ƙamshin teku a ciki.

Ya'u ya shigo da yamma ya ji ƙauri. Ya ga jakar saƙin a kan turmi, a zazzage.

"Yaya, ina abin da ke cikin nan?"

"Na fitar da kai kunya da shi."

Abin da ya faɗa a ranar ba zai rubutu ba. Ya lissafa mata ƙasashe, ya lissafa mata tabkuna, ya ce soja da bindiga bai ci masarar nan ba, Nasara bai ci ba, tsuntsu bai ci ba, teku bai ci ba, sai da ta iso ɗakin uwarsa aka soya ta da gyaɗa. Yahanasu ta bar shi har ya ƙare, tana tsaye da ludayi a hannu.

"Ka gama? Ka ce mani ka tahi cirani. Ni na yi jinyar Innarmu, ni na juya ta, ni na yi surfen mutane muka ci. Kullum in mota ta tsaya sai ta ce in leƙa ko kai ne. Ko saƙon baka ba ka aiko ba. Yau ka dawo da abincin kaji a tsumma, kana so in ce ma matan gari mi? Su koma su ce ɗan gidan Malam Ɗanjuma ya dawo da ƙwarƙwata?"

"Iri ne, Yaya."

"To da ka buɗe baki ka ce iri ne. Bakin ai ba ya maka wuya."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi Dutsin-Ma wurin Gidiyon, wanda suka dawo tare, ya samu aiki a wurin ginin dam ɗin Zobe. Rani ya wuce bai taka Ɗantutture ba. In ya hango Yahanasu a kasuwa sai ya bi ta layin masu tukwane. Gonar mahaifinsu ta zauna ba shara.

Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai ga ta a ƙofar ɗakinsa da rana tsaka, ƙafa duk ƙasa. Ba ta yi sallama ba. Ta jefa masa wata 'yar gora da aka toshe da tsumma, ta same shi a ƙirji. Ya buɗe, toka ce, a cikin tokar ƙwayoyin baƙar masara da ba su cika tafin hannu ba. Ashe da ya fita a fusace ran nan, ta durƙusa ta bi tsakar gida, gindin turmi da bakin murhu, ta tsince duk wadda ta zube kafin kaji su farga.

"Tun yaushe take wurinki?"

"Tun ranar."

"Shi ne kika yi shiru wata shida?"

"Kai ka yi shekara biyar. Tashi ka tahi ka share gona, ruwa ba ya jiran mai hushi."

Ya shuka ta a kusurwar gona ta wajen iyakar Maniru, ya kewaye da ƙaya, ya zuba mata takin da ya isa kadada. Ta tsiro. Ta kai ƙugu, ta kai kai, ta wuce. Masarar kowa ta yi goyo an fara gashi, tasa tana ta hawa sama kamar tana neman dutsen da aka raba ta da shi. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga ƙauyen Kuki. Gidiyon ya zo ranar Lahadi bayan coci, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce, "Malam Ya'u, wannan azara ka shuka ko abinci?" Sai can ƙarshen damina ta fitar da fure a ka. Goyon da ta yi kuwa 'yan sirara ne, ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya, totuwa zalla, ko ƙwaya babu. Iska ta zo ta kwantar da karan.

Wannan karon bai yi faɗa ba, kuma shi ne ya tsorata mutane. Ya zauna a zaure ba ya magana. Yahanasu ta yi ta nemansa da rigima, tana ajiye masa tuwo da ƙarfi, ko kallonta bai yi ba.

Ana nan sai ga Maniru ya faɗo gidan da kwando a ka, yana huci. Shi a shekarar shukarsa ta farko ta ƙone, ya sake wata a makare, don haka tasa ta yi gemu daidai lokacin da ta Ya'u ta yi fure. Ya juye kwandon a gaban zaure. Farar masara ce, amma kowace an yayyafa mata baƙi, wata ɗigo ɗigo, wata kusan rabi.

"Ka gani? Kowa ya san masara na auren maƙwabciyarta, shi ne ka dasa mani wannan aljanar a iyaka. Wa zai sayi wannan? Luba ta ce tuwon zai hito kamar an dama da toka. Tashi mu tahi wurin mai gari."

Ya'u ya ɗauki ɗaya ya juya ta. Ya sa farce ya ɓantaro baƙar ƙwaya, ya daɗe yana kallonta a tafinsa. Sannan ya miƙe, muryarsa ta dawo gaba ɗaya.

"Aljana? Kai Maniru, wannan masarar ta ga abin da kakanka bai gani ba. Ta rasa gonar shiga sai ta rago irinka mai shuka bayan mutane sun gama. Ka taɓa ko ɗaya ka gani."

"Gonata ce hwa."

"'Ya'yana ne."

Yahanasu tana jin su daga cikin gida ta ce, "Alhamdu lillahi, ya warke."

A gaban mai gari aka sasanta. Ya'u ya ba Maniru damman gero, ya kwashe duk masarar da baƙi ya taɓa. Shi da Yahanasu suka zauna a tabarma ɗaya suna tsince baƙaƙen ƙwayoyi, suna faɗa a kan wanda ya fi zubarwa. Wadda suka shuka da damina ta gaba ba ta yi tsawon uwarta ba, ta yi goyo a kan lokaci. Ba ta taɓa komawa baƙa wuluk irin ta bakin tabki ba, ta tsaya mai ɗigo. Ya'u ya ɗaure mafi kyau ya rataye a rufin ɗaki, a ƙusar da mahaifinsa ya kafa.

Iri kuwa a hannun mata yake yawo. Wadda ta zo suna, wadda ta zo biki, Yahanasu ta ƙulla mata kaɗan a bakin zane. Da aka tare ruwa a Zobe, masu noman rani suka gano tana son lokacin sanyi, kuma kununta yana da kauri. In aka tambayi mace ina ta samo, sai ta ce wurin Yahanasu. Haka sunan ya bi ta.

Ran kasuwar da ta wuce ina zaune a bencin rumfar, Gidiyon yana gefe yana cin gyaɗar da bai saya ba, sai wata mata ta tsaya ta nuna tasar.

"Malam, a auna mani 'yar Yahanasu mudu biyu."

Gidiyon ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ya'u ya ajiye mudun a hankali, ya gyara tsayuwa, ya fara daga Gwatamala. Matar ta samu wuri ta zauna, da alama ba yau ta fara saye a wurinsa ba. Sai da ya ƙetare tabkin Nikaragwa da jaka a ka sannan ya auna mata, ya cika, ya ƙara gyara, ya ce ta ware mai kyau ta ajiye kada ta daka duka.